Kwana Arba'in da Uku a Ɗakin Baya

Shekarun baya, lokacin da yaƙin arewa ya yi zafi, ni soja ne. Na san da yawa cikin masu ganina a teburin nama a nan Briqueterie, unguwarmu ta Yawunde da muke kira Birik, sun ɗauka "Soja" da ake kirana laƙabi ne kawai, irin wanda ake liƙa wa mutum mai ɗaure fuska. A'a, kaki na sa na shekara goma sha ɗaya. Ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna a firamare ya tsaya.

Direba ne ni. Ban yi wata jarumtar da za a yi mini waƙa ba. Babbar mota nake ja, in kwashi shinkafa da ruwa da harsashi daga bariki in kai ƙananan sansanonin bakin iyaka. Hanyoyin can babu kwalta, kuma mutanen daji suna binne nakiya cikin yashi. Saboda haka dokar direba guda ɗaya ce: ka ɗora tayarka a kan sawun tayar motar da ke gabanka, kada ka kauce ko da tafin hannu. Inda ta gaba ta bi ta wuce lafiya, nan kaɗai ne ƙasar da ka yarda da ita. Wata takwas na yi ina tuƙi a can, amma in ka tambaye ni yadda garuruwan suke ban sani ba. Sawun taya kawai na gani.

Wata safiya mun fita motoci huɗu, ni ne na biyu. Ta gaba ta taka. Kafin in ji ƙarar sai da na ga motar ta ɗaga sama kamar an jefa kwano. Mutum biyar ne a ciki, har da direban da muka sha shayi tare da asuba. Ni ko ƙwarzane ban samu ba, in ban da kunnena da ya riƙa ƙugi. A motata aka ɗora abin da aka iya tsincewa, ni na tuƙo har bariki. Mutane suna ta dafa kafaɗata, wai layata na aiki.

Sati uku na ci gaba da aiki kamar babu komai. Sai hannuna ya fara rawa, barci ya ƙaura. Ran nan muna tsakiyar hanya iska ta taso ta shafe sawun da nake bi. Na taka birki, ƙafata ta ƙi sauka daga kai. Motoci biyu a bayana, a wurin da tsayuwar minti ɗaya na iya jawo mana harbi. Ana ta ihu a rediyo, ina ji, amma jikina ba nawa ba ne. Abokina ne ya sauko ya janye ni daga kujera ya karɓi sitiyari. Ɗan kudu ne, Kirista, rana ɗaya muka shiga soja, don haka "kilas" muke kiran juna. In yana son tsokana sai ya ce "Magida", kamar yadda suke kiran duk wani Bahaushe.

Kaftin ɗinmu ba mugun mutum ba ne. Ya ba ni hutun kwana goma sha biyar, ya kuma rubuta takarda ya buga mata hatimi, ya ce ranar da na sauka Yawunde in kai ta asibitin soja, wurin likitan ƙwaƙwalwa. Na ƙame, na ce to. Na ninke ta na sa a aljihun rigar kaki. A raina na ce, ni da likitan mahaukata? In na ci tuwon gida na kwana biyu ai shi ke nan.

Da safe jirgin ƙasa ya sauke ni. Taksi ya ajiye ni a bakin kwalta wajen masu soya, wato masu tsire, don gidanmu a cikin lungu yake. Ashe a satin an tone lungun an gyara bututun ruwa an mayar da ƙasa. Jar ƙasa sabuwa, a tule, babu sawun komai a kanta sai na kaji. Na tsaya da jaka a kafaɗa. Na san sarai nan Birik ce, a nan na buga ƙwallo da ƙafa ba takalmi. Amma ƙafata ta ƙi. Masu wucewa suna ta "Soja, sannu da zuwa!" ina amsawa ina zufa. Na fi rabin awa a tsaye kafin wani ya kai labari gida.

Yayana ya fito, mahauci ne, rigarsa duk kitse. Yana dariya ya ce, "Kai, me kake jira? A kirawo maka makaɗa ne?"

Na ce, "Yaya, wuce gaba."

"Me?"

"Wuce gaba in taka inda ka taka."

Ya dube ni, dariyar ta ɗauke. Ya karɓi jakar ya juya. Haka muka shiga gida, ƙato mai gemu yana bin sawun silifas ɗin yayansa taku bayan taku, mutane na kallo.

Mahaifiyata tana bakin ƙofa, ta gani. Muka shige ciki. Ta riƙe fuskata ta duba idona, sannan ta juya wurin yayana. Abin da ta fara tambaya shi ne, "Wa da wa suka gani?"

Kada ku zarge ta. Duk wanda ya tashi a unguwar nan ya san magana ba ta kwana a wuri ɗaya. Gidan da aka ce akwai taɓin hankali, masu neman aure sai su canza lungu, kuma yayana yana da 'yan mata uku da suka tasa. Ni aurena ya mutu tun kafin a kai ni arewa, babu wadda za ta tsaya a kaina sai ita. Ban da wannan, akwai abin da ta fi tsoro. Ta ce da ni, "In sun gan ka da ƙafa biyu da hannu biyu, mayar da kai za su yi. Na ba su kai sau ɗaya, ya isa."

Aka sa ni a ɗakin baya. Aka kirawo wani tsohon malami maƙwabcinmu, mutumin kirki, ya yi mini tofi ya ce tsorata na yi a daji iska ta samu hanya. Ya ce duk abin da na zo da shi daga can ya bar gidan, a ƙone shi: kaki, takalmi, jaka, har waya. Yayana ya ɗauki jakar ya ce zai kai unguwar Etudi ya ƙone a bayan mayanka. Ina kwance ina ji. Na tuna da takardar kaftin, wallahi na tuna. Na yi shiru, don raina ma yana son ta ƙone.

Rayuwar ɗakin nan ba na son tunawa da ita. Rubutu safe da yamma, turare, hayaƙi har ido ya yi ja. Tsakar gidanmu ƙasa ce, in aka share da safe ba na iya takawa. Mahaifiyata ta je wurin kafinta ta sayo katakai, ta ce masa saboda taɓo ne, ta jera su daga ƙofar ɗakina zuwa bayi. Ta hana daka a gidan, sai dai a kai turmi maƙwabta, don rannan da aka buga taɓarya sai a ƙarƙashin gado aka same ni. In baƙi sun zo, a ce ai Soja ya koma.

Ina ƙirga kwanaki. Ranar da hutuna ya cika na sani. Na ce gobe zan tashi in je. Goben ta zo na ce jibi. Duk kwanan da ya ƙaru, fitar ta ƙara wuya, don yanzu ba ciwon kaɗai zan yi wa bayani ba, har da makarar. Na san dokar soja, ba sai an karanta mini ba. Da na ji takun takalmi mai nauyi a lungu sai in ce to, sun zo.

Sun kuwa zo. Sau biyu aka turo wani soja ya yi sallama yana tambayata. Ina jin mahaifiyata daga bayan labule tana cewa, "Ba ya nan, ya yi tafiya." A wurinmu wannan ba wata babbar ƙarya ba ce. Haka ake faɗa in mutum yana cikin halin da ba a so a gan shi, kuma mai tambaya in yana da tarbiyya ya gane ya koma. Amma shi sojan abin da aka faɗa masa shi ya rubuta. Hutu ya ƙare, mutum bai koma ba, bai je asibiti ba, wayarsa a kashe, uwarsa ta ce ya yi tafiya. A wurin soja wannan sunansa gudu.

Ranar kwana na arba'in da uku, Alhamis ce, bayan azahar, na ji wata murya a zaure tana sallama da karkatacciyar Hausa. Kilas ne. Hausar da ya tsinta a arewa duk a karye take, amma ba ya jin kunyar yin ta.

"Mama, ina Magida?"

"Ba ya nan, ɗana. Ya tafi ƙauye."

"Wane ƙauye? Magida babu ƙauye. Shi ya gaya mini an haife shi bayan mai soya."

"To, ba ya nan dai."

"Babu komai, Mama. Ni zan jira."

Ya jawo benci ya zauna a ƙofar gida da kakinsa, ya aika aka sayo masa tsire, ya hau gaisawa da duk mai wucewa da ƙarfi, yana tambayar ko sun ga abokinsa. Kafin a ce haka teloli sun bar kekunansu sun leƙo. Ya san abin da yake yi, ɗan banza. Mahaifiyata ta gwammace ta shigo da shi da a taru a ƙofarta. Ta ce, "Shigo, shigo, kada ka tara mini jama'a."

Ya bi ta kan katakan nan yana kallonsu. Da ya ɗaga labule ya gan ni sai ya tsaya. Can ya ce, "Kilas, ka rame kamar kazar bariki." Ya zauna a ƙasa kusa da ni. Ni na kasa haɗa ido da shi.

Da Faransanci ya gaya mini, sannan ya maimaita wa mahaifiyata da Hausarsa. An rubuta sunana cikin waɗanda suka gudu daga fagen daga. Kaftin ya daɗe yana danne takardun a teburinsa, amma an canza masa wurin aiki, ran Litinin zai miƙa komai ga wanda ya gaje shi, daga nan sai kotun soja. Ya ce, "Mama, yau ni na zo da tsire. Wani sati jandarma za su zo da ankwa. Gudu lokacin yaƙi, kurkuku ne, shekaru."

Mahaifiyata ta dafa bango. Ta ce, "Ba gudu ya yi ba. Ba shi da lafiya ne."

"Ni na sani. Su ba su sani ba. Abu ɗaya zai nuna, takardar kaftin mai hatimi, wadda ta ce ciwo ya kawo shi. Tana ina?"

Sai ni na ce, "A aljihun kaki."

"Kakin yana ina?"

Mahaifiyata ta ce a hankali, "An ƙone."

Kilas ya ɗora hannu biyu a ka. Ya faɗi wata kalma da harshensu wadda na tabbata ba addu'a ba ce. Aka aika kiran yayana daga kasuwa. Da ya zo aka mayar masa da zancen, sai na ga yana sosa ƙeya yana kallon rufi.

Ya ce, "To, gaskiya, ba a ƙone ba tukuna."

Mahaifiyata ta ce, "Ba a me?"

"Inna, takalmin nan sabo ne fil. Ke kin san mayanka, cikin jini da ruwa muke yini. Na ce in ɗan yi amfani da shi. Sauran kayan na cusa a saman rumfar fatu, na ce in na samu sarari."

"Kwana arba'in ba ka samu sarari ba? Ashe shi ya sa maganin malam bai ci ba! La'ananne, ƙaninka na kwance kana yawo da takalmin iska a ƙafarka!"

Kilas ya fashe da dariya ya rungume yayana, kitse da komai. Suka fita neman taksi zuwa Etudi.

Awa uku suka yi. Ban taɓa jin tsawon lokaci irin wannan ba. Rumfar fatu wuri ne na gishiri da danshi da ɓeraye. Ina ta lissafi, in ɓera ya ci, in ruwa ya wanke hatimin, in wani ya ga jaka ya ɗauke. Mahaifiyata na zaune a bakin ƙofa tana jan carbi, sai ta tsaya ta ce, "In kun je, kada ka zubar mana da mutunci a gaban baƙi. Abin da aka tambaye ka, ka gode wa Allah." Can kuma ta ce, "Ba za su ɗaure ka ba ko?" Na ce ban sani ba, Inna. Ta ci gaba da carbinta.

Gab da magariba suka dawo. Takardar ta yi laushi, tana warin fata, gefe ɗaya ya yi tsatsa-tsatsa. Amma hatimin na nan, kwanan wata na nan.

Washegari Juma'a muka yi sammako. Lungun ya riga ya daddale da sawun mutane, duk da haka sai da kilas ya shiga gaba. Mahaifiyata ta yafa babban mayafinta ta ce ƙafarta ƙafata. A cikin taksi kilas ya juyo ya ce, "Magida, ka ji ni da kyau. Kada ka yi mini halin nan naku. Ku Hausawa ko ana cire muku rai, an ce ya jiki, lafiya lau. Yau babu lafiya lau. Ka faɗa mata komai." Na ce to.

Layi ne mai tsawo. Akwai masu sanda, akwai wanda babu hannu ɗaya. Ni ga ni garau a tsakiyarsu, sai na ji kamar ɓarawo. Da aka kira ni, aka ce kilas ya tsaya a waje. Mahaifiyata kuwa ta yi kamar ba ta ji ba ta bi ni ciki, ta zauna a kujerar baya, babu wanda ya iya korar tsohuwa.

Likitar mace ce, da igiyoyi a kafaɗa, ba za ta girme ni ba, gajiya duk a fuskarta. Ta riƙe takardar da yatsa biyu saboda wari. Ta duba kwanan wata, ta duba kalanda, ta dube ni ta saman tabarau.

"Sama da wata guda ke nan da aka turo ka. Ina ka shiga?"

"Gida."

"Yaya jikin?"

Na ce, "Ça va," wato lafiya lau.

"Kana barci?"

"Alhamdulillahi."

"Kana cin abinci? Kana mafarkai? Akwai abin da ke ba ka tsoro?"

"Babu komai, madam. Da sauƙi."

Ina jin bakina yana faɗa, ina jin wata murya a cikina tana cewa kai wawa, kurkuku kake sayen wa kanka. Amma ku gaya mini, ta yaya namiji mai gemu zai dubi mace baƙuwa, uwarsa na zaune a bayansa, ya ce yana shiga ƙarƙashin gado in an buga turmi? Tun ina yaro abin da aka koya mini ke nan, ba a kai ƙarar Allah wurin mutum. Na tura hannuwana ƙarƙashin cinyoyina na zauna a kai don kada ta ga rawar.

Ta yi ajiyar zuciya. Ta ce ta ga da yawa da ke zuwa da ciwon ƙarya don kada a mayar da su, amma ba ta da lokacin roƙon wanda ya ce lafiyarsa ƙalau. Ta ce, "Abin da ka faɗa zan rubuta. Ka koma ka yi musu bayanin kwanakinka." Ta ɗauki biro.

Daga bayana mahaifiyata ta ce, "Me ta ce?"

Ban juya ba. Na ce, "Ta ce lafiyata ƙalau."

"Sai me?"

"Sai su tafi da ni."

Na ji kujera ta motsa. Tsohuwar nan da ta yi kwana arba'in da uku tana ɓoye ni, ta zo ta tsaya a gefen tebur. Faransancinta na kasuwa ne, na sayen tumatir. Ta nuna ni da yatsa ta ce, "Madam, il ment." Wato ƙarya yake yi. Sannan ta dube ni ta ce, "Kai, fassara mata. In ka rage kalma ɗaya ban yafe ba."

Ta fara. Ta ce tun da ya zo bai taka ƙasar tsakar gida ba, katako na shimfiɗa masa. Ta ce ba ya barci, in ya runtsa sai ya zabura yana kiran sunan wani yana cewa ya tsaya. Ta ce ranar da tayar babur ta fashe a bakin titi, fitsari ya yi a wando, ni na wanke da hannuna don kada matar yayansa ta gani. Duk abin da ta faɗa ta tsaya ta jira, ni kuma in mayar da shi Faransanci da bakina. Da farko ina cewa "shi", kamar labarin wani nake bayarwa. Ban san lokacin da na koma cewa "ni" ba.

Ta ce, "Gaya mata ni na ɓoye ka. Ni na ce wa sojan ba ka nan, sau biyu. Ni na sa aka kwashe kayanka. Kunya na ji, kuma tsoro na ji. In akwai wanda za a ɗaure, ga ni." Ta sunkuya ta zaro hannuwana daga ƙarƙashina ta ɗora a kan teburin likita. Suna rawa har kofin birorinta yana ƙara.

Likitar ta ajiye biro. Ta daɗe tana kallon hannuwan. Sannan ta ce a hankali, "Motar da ke gabanka, mutum nawa ne a ciki?"

Na ce biyar. Daga nan ban san iya abin da na faɗa ba. Na dai san sai da aka kira sallar Juma'a muna ciki.

A ranar aka ba ni gado. A gabana ta ɗaga waya ta kira wani babba, ta rubuta wasiƙa ta ba kilas ya tafi da ita. Ban yarda na tsira ba sai bayan sati biyu, da kilas ya aiko cewa an cire sunana daga cikin waɗanda suka gudu. Wata huɗu na yi a asibitin, da ƙwayoyi da zama ana magana, abin da da nake ganin aikin banza ne. Daga ƙarshe na tsaya gaban wasu manyan hafsoshi, suka karanta takarduna, suka ce ba zan iya ci gaba da aikin soja ba saboda lafiya. Reforme, haka ake kiransa. Aka sallame ni da takarda da ɗan abin da ake ba irinmu.

Unguwa kuwa ta ji, kuma daga bakin mahaifiyata. Kullum sai ta shiga taksi da kwanon abinci, duk wanda ya tambaye ta ina zuwa sai ta ce, "Asibitin soja. Kansa ne ya taɓu a yaƙi." Wasu sun zo dubiya. Wasu sun janye. Wanda ke neman babbar 'yar yayana bai ƙara dawowa ba, sai bayan shekara biyu ta auri wani. Yarinyar ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban taɓa samun bakin ba ta haƙuri ba.

Ban ga laifin malam ba, abin da ya sani ya yi, kuma addu'arsa na karɓa. Mahaifiyata ta rasu shekara uku ke nan, Allah ya ji ƙanta, ita ma ban riƙe ta da komai ba. In akwai mai laifi ni ne, da na san dokar, na san inda takardar take, na kwanta na yi shiru. Abin da zan ce wa masu ɗa ko miji da ya dawo daga can shi ne, in kun ga ya canza, ku yi masa addu'a, amma ku kai shi asibiti, kuma ku shiga tare da shi. Shi ba zai faɗa ba. Sai an samu wanda zai tsaya a gefensa ya ƙaryata shi.

Yanzu ina taimakon yayana a tebur, ni ke awo, shi ke sara. Ban ƙara riƙe sitiyari ba. Na yi aure, ina da yara biyu, yawancin kwanaki lafiya nake. Takardar sallamar nan kuwa na yi mata kwafi uku, an liƙe su da roba. Ɗaya a akwati, ɗaya wurin matata, ɗaya kullum a aljihuna, ko masallaci za ni. Watan jiya jandarma suka tare taksinmu a hanyar unguwar Madagaskar, katin shaida kawai suke dubawa. Kafin ya iso kaina na riga na zaro ta na miƙa masa. Ya karanta, ya dube ni, ya ce, "Baba, ai ban tambaye ka wannan ba." Ya mayar mini da ita da hannu biyu.

Na san babu mai nemana, an rufe maganar tun tuni. Amma sai da muka wuce su da nisa na iya mayar da ita aljihu.